Habsatu Nas Ta Koma Makaranta

Hausawan da suka zauna a Harlem a shekarun saba'in ba su da yawa, falo guda mai ɗan faɗi yakan ɗauke su ranar Sallah, kuma a cikinsu babu wanda bai san Habsatu Nas ba. Doguwa ce, mai sanyin murya, mai saurin tafiya kamar wadda aka aika. Idan yaro ya tashi da zazzaɓi, ita ake fara buga wa waya kafin a yi zancen asibiti. Laƙabin Nas kuwa tun daga gida ta zo da shi.

A Gusau aka haife ta. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, shi ya sa ta a boko. Da ta gama ta yi kwas ɗin jinya, ta kama aiki a asibitin garin. Likita ɗaya gare su, shi ma yawanci yana rangadi a ƙauyuka, saboda haka duk abin da ya zo, ita da abokan aikinta ne ke tararsa. Ta ɗinke kan da sanda ta fasa, ta ɗaure karaya, ta karɓi haihuwa ba adadi. A nan Ishiyaku ya fara ganinta, ranar da ya kawo ƙanensa da kunama ta harba. Akawu ne a Kaduna, hutu ya zo, gajere mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Yaro ya warke a yini guda, amma Ishiyaku ya yi ta dawowa neman ƙarin bayani a kan harbin kunama har hutunsa ya ƙare.

Aka yi aure, Allah ya ba su 'ya guda, Nafisatu. A shekarar 1965 aka tura shi New York ya riƙa buga tafireta a ofishin jakadanci. Da wa'adinsa ya cika sai ya sami irin aikin a wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka yi zamansu. Suka kama gida a hawa na huɗu kusa da titi na 116, bene ne da ba shi da lifta.

Ishiyaku ya ji daɗin birnin. Habsatu kuwa ta daɗe ba ta sake ba. Satifiket ɗinta na jinya, wanda ta ɗauko a ƙasan akwati cikin zane, ta kai shi ofis-ofis, kowa ya juya shi ya duba ya mayar mata cikin ladabi, a ce ba a san makarantar ba. A ƙarshe ta karɓi abin da ya samu. Wani asibitin unguwa ya ɗauke ta tana gyara gadaje, tana yi wa marasa lafiya wanka, tana ba waɗanda ba sa iya ɗaga cokali abinci a baki. Allura ma ba a yarda ta taɓa ba. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai Ishiyaku yakan lura da ita idan tana yanka nama, yadda take bin gaɓa da wuƙa a hankali tana kallo, sai ya ce, "Nas, tiyata ake yi ko miya?" Ta yi dariya ta ce ya fita mata daga kicin.

Haka suka zauna har sanyin shekarar 1971. Wata safiya Ishiyaku yana kan tafiretarsa a ofis, hannunsa na dama ya zame daga kan haruffa ya faɗi a cinyarsa. Ya buɗe baki zai kira na kusa da shi, magana ta ƙi fita. Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Ya yi wata da watanni a asibiti. Da aka sallame shi, Idrissa, wani mutumin Damagaram da ke tuƙi a ofishin jakadancin Nijar, shi ya goya shi a baya ya hau da shi bene. Habsatu ta koma aikin safe kawai. Kafin ta fita ta yi masa wanka, ta dama masa kunu, ta zaunar da shi a kujera bakin taga. Idan ta dawo ta murza masa hannu da ƙafa da man zafi, ta kama shi su yi ta zagaya falo. Ƙafar ta ɗan dawo, har ya fara takawa da sanda. Harshen ma ya saki kaɗan, kalma tana fitowa da nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Hannun ne ya ƙi.

Abin da ya fi damun Habsatu shi ne shirun. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya bar mutane su ci abinci, yanzu yakan yini yana kallon motoci a ƙasa. Tafiretarsa ta gida, wadda yake buga wa 'yan uwa wasiƙu da ita kyauta, ya nuna da hannu a ɗora ta saman kabad, a rufe da tawul. Idan baƙi suka zo dubiya, ya amsa gaisuwa ya juya kai.

A wannan shekarar ne wasu sababbin ɗalibai suka fara zuwa ɗakin da Habsatu take aiki, sanye da gajeren farin kwat. Yawancinsu samari ne da suka dawo daga yaƙin Vietnam, inda suka yi aikin jinyar sojoji. Ta ga suna zama su tambayi mara lafiya abin da ke damunsa, su sa masa abin sauraron ƙirji, su ɗinke rauni, su ɗaura filasta a karaya, sannan su je su gaya wa likita abin da suka gani. Ta tambayi shugabar ɗakin, wata dattijuwar nas 'yar Jamaika mai suna Misis Bekford, ko su wane ne.

"Mataimakan likita za su zama," in ji Misis Bekford. "Sabon abu ne. Likitoci sun yi kaɗan a unguwanni irin namu, shi ne aka buɗe kwas na shekara biyu ga waɗanda suka riga suka san aikin asibiti." Ta dube ta ta saman tabarau. "Na ga yadda kike leƙen hannunsu. Kin taɓa yi, ko?"

"A ƙasarmu, da daɗewa."

"To, ba a ce sai soja ba. Ba a kuma ce sai namiji ba."

Washegari Misis Bekford ta kawo mata fom ɗin neman shiga, ta cusa mata a jaka. Habsatu ta kai shi gida ta ajiye a kan firji, ta aza kwanon goro a kai. Ba ta yi niyyar cikewa ba. Shekarunta sun doshi arba'in, miji a kwance, yarinya a makaranta. Ta ce a ranta kallon takardar ma ya ishe ta.

Da la'asar tana murza masa hannu, Ishiyaku ya nuna firjin da haɓa.

"Mene ne... wancan?"

"Ba komai, Malam. Wata takarda ce ta wurin aiki."

"Kawo."

Ta kawo. Ya shimfiɗa a cinya, ya bi ta da yatsan hagu layi-layi har ƙarshe, ya koma farko. Can ya ɗaga kai ya dubi saman kabad.

"Sauko... da ita."

"Malam, bari dai. Wa zai kula da kai?"

"An ce... a buga. Ba a ce... rubutun hannu ba." Ya numfasa. "Rubutunki kuma... kamar tafiyar kaza."

Rabon da ya zolaye ta tun kafin ciwon. Habsatu ta tashi da sauri ta juya masa baya, ta jawo kujera ta taka, ta daɗe tana kakkaɓe tawul ɗin da babu wata ƙurar kirki a kansa.

Aiki ya samu. Kullum bayan sallar la'asar sai ta sa masa takarda a tafireta, ta zauna a gefensa na dama. Shi ya buga da yatsa ɗaya na hagu, ita ta tura masa kan injin idan layi ya ƙare. Mutumin da a da ba a ganin yatsunsa don sauri, yanzu sai ya nemi harafi ya danna, ya nemi wani. Idan ya yi kuskure ɗaya sai ya ce a zare takardar a sake, don shi bai taɓa fitar da aiki mai gyara ba. Wani lokaci ya yi fushi ya bugi tebur. Ita dai sai ta sa sabuwar takarda.

Inda suka fi daɗewa shi ne wurin da aka ce mai nema ya bayyana dalilin da ya sa yake son aikin. Ishiyaku ya so a fara da irin Turancin ofis da ya saba, mai cike da girmamawa da neman alfarma. Habsatu ta ce ita ba za ta iya maimaita wannan a gaban mutane ba.

"To me... za a ce?"

Ta yi tunani. "A ce na taɓa yin aikin nan a garin da likita ɗaya ne. A ce na san na manta wasu abubuwa, wasu kuma ban taɓa sani ba, ina so a koya mini. A ce idan na ga mutum yana jira tun safe a kan benci, ni kuma ina wucewa da zanin gado, raina ba ya so."

Ya kalle ta. Shekarunsu goma sha da aure, bai taɓa jin ta faɗi wannan ba. Ya juya ga tafireta ya fara neman harafi.

Sauran sharuɗɗan ba su zo da sauƙi ba. Sai da ta zauna jarrabawar da ke daidai da gama sakandaren Amurka, ta ci. Misis Bekford da wani likita suka rubuta mata takardar shaida. Aka kuma ce sai an aiko da sakamakon kwas ɗinta kai tsaye daga Najeriya. Ta rubuta wa wanta Dikko, ya bar shagonsa a Gusau ya yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna. Kafin takardun su iso, an rufe karɓa. Amsa ta zo cewa ba a sami damar duba nata ba a bana, kuma ko an duba, ana bukatar ta yi darasin kimiyyar sinadarai tukuna.

Ta karanta a tsaye bakin ƙofa, ko kwat ba ta cire ba. Ta ninke ta ce, "To, Allah bai nufa ba. Dama ni na san da wuya." Ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Ishiyaku ya dogara sandarsa ya biyo ta, ya jingina da ƙyaure.

"Bana... aka ce. Ba a ce... har abada ba."

"Malam, ka wahala a banza."

"Ni na ce miki... na wahala?"

Ta shiga ajin sinadarai na ranar Asabar a wata kwalejin unguwa, tana zama cikin yaran da ta kusa haifa. A nan ne magana ta fara yawo a tsakanin matan Hausawa. Hajiya Sauda, wata Bakanuwa matar babban jami'i, wadda duk suke ɗauka kamar uwa, ta hau benen nan da kanta tana haki, ta zauna ta sha ruwa, ta ja Habsatu ɗaki.

"Habsatu, ni ba zan ji a waje in yi shiru ba. Mijinki yana wannan hali, ke kuma kina neman abin da zai raba ki da gida shekara biyu? An ce har kwana ake yi a asibiti."

"Haka ne, Hajiya. Ni ma abin yana raina."

Ashe Ishiyaku yana ji daga falo. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. "Hajiya... ni na sa ta."

Hajiya Sauda ta fito ta tsaya a kansa. "Kai ka sa ta, Malam Ishiyaku? To wa zai dafa maka?"

Ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. "Ke."

Hajiya ta riƙe haɓa, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta ce lallai ciwo bai taɓa bakin nan ba. Kafin ta sauka ta ce idan Allah ya sa aka ɗauki Habsatu, abincin Litinin da Alhamis nata ne, sauran ranakun kuma za ta raba wa mata, ta ga wadda za ta ce a'a.

Shekara ta zagayo suka sake bugawa. Wannan karon hannun hagun ya saba, har yana haɗawa da yatsa biyu. Da sanyi ya fara raguwa aka kira ta intabiyu.

Ishiyaku ya ce sai ya raka ta. Tun da Idrissa ya hau da shi benen nan bai sauka ba sai don ganin likita. Habsatu ta yi ta lallashi, ya ƙi. Ya sa ta fito masa da babbar rigarsa ta shadda, ya ɗora a kan suwaita, ya kafa hula. Idrissa ya zo da mota, ya kama shi suka sauko a hankali, suna hutawa a kowane hawa.

"Madam, kar ki ji tsoro," in ji Idrissa yana tuƙi. "Lokotoro su ma mutane ne. Ki shiga lakwal ɗinki, ni da Malam muna nan waje." Haka yake kiran likita da makaranta, irin Hausar Nijar.

A barandar da ake jira, samari ne zaune a jere da kwat da lakataye. Suka ga dattijo da sanda da babbar riga, ɗaya ya tashi ya ba shi kujera. Da aka kira sunanta, Ishiyaku ya kama bakin mayafinta da hannun hagu ya gyara mata shi a kafaɗa, sannan ya sake ta.

Mutum uku ne a ciki, likitoci biyu da wata mata mai kula da kwas ɗin. Suka tambaye ta Gusau, ta ba su labari. Suka kawo misalin mutumin da ya zo da ciwon ƙirji, ta faɗi abin da za ta tambaye shi da abin da za ta duba. Ɗaya likitan ya miƙo mata wata doguwar takarda mai zanen bugun zuciya, ya ce me ta gani. Ta duba sosai ta mayar masa.

"Ban iya karanta wannan ba. Ba mu da injin a inda na yi aiki. A nan kuma ina ganin ana yi, amma ba a koya mini ba."

Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Ta ce a ranta shi ke nan.

Matar ta ce, "Mun ga a takardunki mijinki ba shi da lafiya. Karatun nan ba ya barin lokaci. Wasu sun fara sun bari a kan abin da bai kai wannan ba. Kin yi shawara da shi?"

"Shi ya buga takardun da ke gabanku," in ji Habsatu. "Da hannun hagu, don na daman ya shanye. Yana nan waje."

Matar ta sake duban shafin da ke hannunta, ta juya bayansa, ta ajiye. Babban likitan ya ce in ba damuwa yana so ya gaisa da shi. Ya fita baranda da kansa. Ishiyaku ya yunƙura zai miƙe, likitan ya dafa kafaɗarsa ya ce ya zauna, ya miƙa masa hannun hagu suka gaisa. Ishiyaku ya tattaro Turancinsa na ofis, ya ce yana da alfarmar gabatar da matarsa, kuma yana ba da shaida a kanta ba tare da wani sharaɗi ba. Maganar ta ɗauki lokaci kafin ta gama fita. Likitan ya tsaya har ya kai ƙarshe.

A mota Habsatu ta ce ta faɗi, ta ba su labarin takardar zuciya. Idrissa ya ce Allah ya fi su. Ishiyaku ya ce shi yunwa yake ji, tun da an fito a tsaya a saya masa gyaɗa soyayya a bakin titi.

Amsa ta zo ana cikin zafi. Habsatu ta dawo daga aiki ta tarar da ambulan a kan tebur ba a buɗe ba, Ishiyaku ya tasa shi a gaba tun hantsi, Nafisatu tana ta roƙonsa da Turanci ya bari ta buɗe, yana ce mata ba sunanta ne a kai ba. Habsatu ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta farke. An ɗauke ta.

Ta durƙusa a gaban kujerarsa ta kifa goshinta a gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kanta, yana cewa, "To... to... ya isa."

Shekaru biyun nan ta sha wuya. Ta faɗi jarrabawar magunguna sau ɗaya ta sake. Samarin ajin suna kiranta Mama, suna karɓar aron littafinta, ita kuma suna koya mata karanta zanen zuciya. Hajiya Sauda ta cika alkawari, har Ishiyaku ya yi ƙiba. A shekarar 1975 Habsatu ta gama, aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Harlem, tafiyar ƙafa daga gida. Suka sauya gida zuwa hawa na ƙasa.

Daga nan Ishiyaku ya tsiro da wata al'ada. Kullum da yamma sai ya ɗauki sandarsa ya taka har asibitin, ya zauna a benci cikin marasa lafiya. Idan mai kiran suna ta tambaye shi ko an rubuta shi, ya ce a'a, a duba waɗannan tukuna. Ya yi ta hira da duk wanda ke kusa da shi, da tsofaffin unguwa da matan Puerto Rico masu goyo, yana gaya musu cewa idan suka sami doguwar nan mai ɗankwali sun dace. Idan ta tashi, ta rataya jakarta, ta kama gwiwar hannunsa su taho gida, tana rage saurinta daidai da nasa.

Ya rasu a ƙarshen shekarar 1979, ranar wata Juma'a da hantsi, tana gefensa. Aka yi masa sutura a wata maƙabarta a New Jersey inda Musulmi suke da yanki. 'Yan uwa suka rubuto daga Gusau ta dawo gida, ta ce sai Nafisatu ta gama karatu. Da ta fita takaba ta koma bakin aiki. Ranar da ta koma, wata tsohuwa da ke zuwa awon hawan jini ta tambaye ta ina mutumin nan mai hula, kwana biyu ba a ganinsa. Habsatu ta gaya mata. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta naɗe hannun rigarta ta miƙo damtse, Habsatu ta ɗaura mata abin awo.